Taku Goma Zuwa Ƙofa

"Ka sake ɗaga shi! Da idona na gani!" in ji Malama.

Auta ya jingina da bango yana kallon ƙarfen dafawar da ofishin kula da tsofaffi ya kafa wa Baba daga ɗaki zuwa banɗaki. Tawul ne rataye a kai.

Wata bakwai ke nan da ofishin ya turo ta, sau biyu a mako, tana koya wa Baba tashi daga kujera da taku goma zuwa ƙofa. Baba ne ya laƙaba mata Malama. A tsakar gidan nan Auta ya kamu da sonta, har ya yi mata alkawari: da zarar Baba ya iya wuni shi kaɗai, zai koma kan keken ɗinkinsa, ya turo magabata.

"Malama, nishi fa yake yi... Ubana ne."

"Nishin ne maganin! Na ce ka tsaya kusa, hannunka a aljihu. Kai kuwa ko kofi ba ka bari ya ɗauka!"

"Ranar da ba kya nan ni yake kallo. Ba ki san kallon ba."

"Na sani, masoyi..." Muryarta ta karye. "Da na zo, taku shida yake yi. Yau ko ɗaya."

Ta zaro takardar rahoton ofis daga jaka.

"Shirinmu na masu iya tsayuwa ne. In na rubuta gaskiya, za su cire shi, ni kuma a mayar da ni wata unguwa."

"To ki rubuta taku huɗu."

"In ya faɗi a banɗaki fa? In ce me?" Ta share ido da bakin mayafi. "A gida kullum tambayata ake yaushe mutanenka za su zo. Na gaji da cewa Baba na samun sauƙi."

"Ki ba ni wata ɗaya. Wallahi ba zan ƙara taɓa shi ba!"

"Auta!" Muryar Baba daga ɗaki. "Zo ka miƙar da ni, bayana ya gaji."

Kafin ya yi tunani, ƙafafunsa sun kai shi. Ya sa hannu a hammatar tsohon ya ɗaga. Babu nauyi ko kaɗan.

Ƙofar gida ta rufu a hankali.

Baba ya kasa kunne, ya yi murmushi.

"Surukar tawa yau ko sallama babu? Yaushe za ta dawo?"