Mai Magani da Oda

A wani gari an yi wani mai magani, rumfarsa kullum a hargitse. Wani baƙo mai jin Turanci ya ce masa, "Abin da ka rasa oda ce."

Shi ke nan, mai magani ya ɗauka umarni ake nufi, ya shiga ba da oda. Ya daka wa matarsa tsawa, ya daka wa 'ya'yansa tsawa, rumfa tana nan a hargitse.

Ran nan kunama ta harbi autarsa. Ya yi ta watsi da kaya yana ihu, "Na ba da oda a nemo maganin!"

Matarsa ta fusata. "Malam, na tambayi baƙon nan, ya ce tsari yake nufi, kowane abu a wurinsa! Ka ishe mu da tsawa!"

Ƙarshe sai wurin wani mai magani aka kai yarinyar, uban na biye, kansa a ƙasa.