Gyambon Hajiya A'i

Ummulkhair ta durƙushe a ofishin manajan gidan kula da tsofaffi na Al Warsan, hawaye na zuba kan takardar korar da aka miƙa mata. Wayyo marainiyar Allah! Wata uku da aka ɗauke ta aikin koyarwa, tana shan baƙin ciki wajen koya wa ma'aikata abu ɗaya, don kar gyambo ya fito wa masu jinya: a juya mara lafiya duk bayan awa biyu, a duba ƙugu da dunduniya, a sa matashi tsakanin gwiwoyi. Ta faɗa, ta nuna, ta roƙa, amma Mahfuza, shugabar sashen, wadda ta so a ce ita aka ba wa aikin koyarwar, sai ta taɓe baki: "Yalla, malama sarkin juyi, mu ba gasa masara muka zo yi Dubai ba!"

Yau ga gyambon kwanciya ya ɓarke a ƙugun Hajiya A'i, tsohuwar da ɓarin jikinta ya shanye, takardar da ake sa hannu duk sanda aka juya ta kuma sunan Ummulkhair ne a kai... alhali kwana biyar ke nan Mahfuza ta tura ta sashen wanki! Ta rantse har muryarta ta dushe, manaja ya ce khalas, magana ta ƙare, gobe za a soke bizarta. Ko sallama da tsohuwar sai da ta roƙa.

A ɗakin ta tarar da Alhaji Idris, ɗan Hajiyar, ya baro shagonsa na Murshid Bazaar yana huci, Mahfuza na gefe tana matsar ƙwalla.

"Ke ce azzalumar? Allah ya isa!"

"Alhaji, wallahi..."

"Idi... rufa min baki." Muryar tsohuwar ce, da ƙyar take fita. "Yarinyar nan in ta juya ni hagu, har gadon take turawa, don kar in ba alƙibla baya. Kwana biyar ban gan ta ba. Kwana biyar bango ɗaya nake kallo, wancan mai tsagar. Waccan kuwa daga bakin ƙofa take rubutu ta wuce."

Innalillahi! Kafin la'asar an gwada rubutun takardar, an ga hannun Mahfuza ne ba na Ummulkhair ba, an karɓe katinta na aiki, ta fita tana jan jaka ba mai ce mata sannu.

Alhaji ya sunkuyar da kai. "'Yata, ki yafe min."

Ummulkhair ta share hawaye, ta dubi agogo. "Na yafe, Alhaji. Kama min kafaɗarta a hankali, awa biyu ta cika."