Ɗinkin da Bai Warke Ba

"Har yanzu kina kwance? Baƙin bikin zagayowar ranar haihuwarki na hanya, ko kek babu a gidan nan!"

Aukje ce, uwar mijin Tjitske, tsaye a ƙofar falo. Tjitske ta yunƙura a hankali, hannu a mara. Mako biyu bai cika ba da aka cire mata mahaifa saboda ƙari, likita kuma ya ja mata kunne: ban da ɗaukar nauyi, ban da hawan keke.

"Mama, Wiebe zai sayo in ya gama tatsar shanu."

"Wiebe kuma! Tun da nake ban taɓa ganin mai ranar haihuwa ta zauna ana yi mata hidima ba. Jika dai na fid da rai. Kek ɗin ma in haƙura?"

Maganar ta soke ta har zuci. Tjitske tana tsoron wata rana mijinta Wiebe ma ya ga ba ta da sauran amfani. Ta jawo kekenta, ta tuƙa cikin iska har gidan burodi, ta dawo da kek da kiret ɗin lemo.

Baƙi sun zauna a da'ira kamar kullum, tana bin su da kofi, sai ta ji ɗumi yana bin ƙafarta. Kofin ya suɓuce mata, ta ƙwala ihu.

"Jini! Wiebe, jini!"

A asibiti aka ce ɗinkin ciki ne ya buɗe. Aka mayar da ita tiyata, aka yi mata ƙarin jini. A bakin ƙofa Aukje ta kama hannun ɗanta.

"Ni gonarka nake tunani, wa za ka bar wa?"

"Mama, gona ba ta taɓa tambayata ko na ci abinci ba. Tjitske na aura, ba mahaifarta ba!"

Tsohuwar ta zauna, ta rufe fuska, tana kukan nadama.

Da Tjitske ta farfaɗo, ta iske mijinta a gefe ɗaya, Aukje a ɗayan tana gyara mata bargo.

"Kada ki motsa, 'yata. Na dawo gidanku sai kin warke, ko da kuwa za ki gaji da bakina."

Tjitske ta yi murmushi cikin hawaye.

Ciwon da ido bai gani ba shi ya fi buƙatar haƙuri. Darajar mace kuwa ba abu ba ne da likita zai iya cirewa.