Fayil ɗin Elroy Tate

Ranar Litinin da safe aka kira Sufeto Odell Marsh ofishin Antoni Janar na jiha. An sace fayil ɗaya daga ɗakin ajiya, na Elroy Tate, direban babbar mota da ya shekara goma sha tara a kurkuku kan kisan da har yau yake rantsuwa bai yi ba. Jibi kotu za ta sake duba shari'arsa.

Ba a ɓalle ƙofa ba. Na'ura ta nuna an buɗe ta ranar Lahadi da ƙarfe sha ɗaya na safe, da katin Geneva Ruiz, sakatariyar Antoni Janar Harlan Prewitt. Dattijuwar ta yi wa mahaifinsa aiki tun yana gwamna, har kakansa sanata ta sani. Ta ce tabarau ta manta, ta dawo ɗauka.

Marsh ya je cocinsu. Fasto ya ce a daidai lokacin tana gaba tana jan waƙa, jama'a na kallonta.

Ya koma wurinta. "Madam Geneva, wa kika ba katinki?"

"Sufeto, a hannuna ya girma," ta ce, idonta a ƙasa. "Kada ka sa na faɗa da bakina."

Marsh ya sami Prewitt a gidan gadonsu, falo cike da hotunan takararsa ta gwamna. Prewitt ya zuba masa kofi, ya ce ranar Lahadi kamun kifi ya tafi. Marsh ya ajiye masa takardar da ta nuna motarsa ta shiga garejin ofis sha ɗaya saura kwata.

Prewitt ya karanta takardar. Sai ya ja durowa ya fito da fayil ɗin. A ciki akwai bayanin wata mai sayar da fetur da ta ga Tate a wani gari mai nisa lokacin kisan. Ba a taɓa kai shi kotu ba. Shari'ar ita ce babba ta farko da Prewitt ya riƙe yana ƙaramin lauyan gwamnati, a shekarar da mahaifinsa ke neman tazarce.

Prewitt ya ce, "Baba bai ce in ɓoye ba. Cewa kawai ya yi 'yan gidanmu ba sa faɗuwa shari'a. Jiya na hura wuta, na kasa jefa fayil ɗin a ciki."

Marsh ya dubi sa hannun da ke ƙasan bayanin matar. Nasa ne. Shi ya ɗauki bayanin yana sabon ɗan sanda, ya miƙa, bai sake tambayar inda ya shiga ba.

"Tashi mu tafi, ranka ya daɗe. Ni ma akwai abin da zan rubuta a kaina."

A bakin mota Prewitt ya tsaya, ya tambaya ko mahaifiyar Tate, wadda ba ta taɓa fashin zaman kotu ba, tana raye.

"Bara ta rasu," in ji Marsh, ya buɗe masa ƙofar baya.