Fuskar Inna a Gidan Mutane

Khairiyya tana sharar ɗakin mahaifinta da hantsi, idonta ya sake faɗawa kan tsohuwar kyamarar da ke rataye a ƙusa cikin jakarta ta fata. Malam Ɗahiru manomin albasa ne, amma a duk garin Goronyo, Mai Hoto ake kiransa, don shekara arba'in ke nan ba suna ba biki sai an gan shi yana kanne ido ɗaya. Ba sana'a ba ce, so ne kawai Allah ya ɗora masa, har yau da waya yake bin masunta bakin dam yana ɗaukarsu hoto.

Wannan kyamarar dai ba mai taɓa ta. A cikinta akwai fim ɗin da ya ɗauki matarsa Asabe kwana uku kafin ta rasu wajen haihuwar Khairiyya. Da farko zuciyarsa ta kasa kai shi wanki, da ya samu ƙarfin hali kuma masu wankin fim duk sun rufe shaguna. Sauran hotunan gidan ambaliya ta tafi da su tun yarinyar tana rarrafe. Shekararta ashirin ba ta san fuskar uwarta ba, kuma abin yana cin ta sosai.

Ranar nan kewa ta fi ƙarfinta. 'Yar zamanin waya ce, a zatonta in ta buɗe bayan kyamarar za ta ga hoto ko da ɗan mitsitsi. Ta ja wani ƙarfe, murfin ya ɗage, ba ta ga komai ba sai wata leda mai duhu. Daidai nan ta ji sallamar Zayyanu, saurayin da ake shirin sa musu rana, ya zo gaida Malam. Ta ruga zaure da kyamarar a buɗe.

"Zayyanu, duba min, ban ga Inna ba ciki!"

"Innalillahi! Mi kika yi? Haske na ƙone fim, Khairiyya!"

Ya fizge ta zai rufe, sai ga Malam Ɗahiru ya shigo daga gona. Fartanyar da ke kafaɗarsa ta faɗi ƙasa.

"Wa ab buɗe ta?"

Zayyanu ya durƙusa ya ce, "Ni na, Baba. Ka yi haƙuri."

"Shekara ishirin ina tsaron abin ga!" in ji tsohon. "Yaron da bai iya tsare hannunai ga kayan mutane, ban ba shi ɗiyata. Tashi ka ba ni wuri!"

Haka maganar aure ta mutu. Kawunnan Zayyanu suka zo biko sau biyu, Malam ko tabarma bai sa an shimfiɗa musu ba. Khairiyya ta kira shi a waya tana kuka, ta ce za ta faɗi gaskiya.

"Don Allah kak ki hwaɗi," in ji shi. "Ke kaɗai gare shi. In yaj ji ke ta, ina za shi sa kainai?"

Ta fasa faɗa. A gaskiya ba maganarsa kaɗai ta rufe mata baki ba, har da tsoro.

Wata ya bi wata. Zayyanu ya rage kira, ƙawaye kuma suka fara kawo labari: an gan shi a Achida, an ga babur ɗinsa a Dinawa, a Wurno ma zaure-zaure yake shiga. "Mata shika nema, ke dai ki yi ta jira!" Khairiyya ta rame, ko ƙarar babur ta ji a ƙofar gida sai gabanta ya faɗi.

A wata na bakwai Zayyanu ya yi sallama bayan la'asar. Ta laɓe bayan ƙyauren zaure tana leƙe, ta ga ya durƙusa ya miƙa wa Malam ambulan.

"Baba, hotunan gidan ga ruwa yat tahi da su, amma waɗanda kab ba mutane suna nan ga akwatunansu. Gida-gida nib bi, dut inda anka ce ka taɓa ɗaukar biki, ina tambaya ko Inna Asabe ta je. Wata tsohuwa can Rabah ta nuna min wanga."

Hoton amarya ne da ƙawayenta, ya yi ja don tsufa. Can gefe ga wata mace da faifai a hannu, ta juyo tana yi wa mai ɗaukar hoton dariya. Malam ya kafe shi da ido, hawaye suka gangaro cikin gemunsa.

"Ita ta," ya ce a hankali. "Yaro, ka gyara ɓarnarka."

Khairiyya ba ta san lokacin da ta faɗo zauren ba. "Baba, ba ɓarnatai ba ta! Ni ab buɗe ta, ni! Inna nika son gani!"

Malam ya dubi ɗiyarsa, ya dubi Zayyanu da ya sunkuyar da kai.

"Wata bakwai kana ɗauke da laihin da ba naka ba, ina zaginka kana gaishe ni?" Ya share ido da hannun riga. "Ka turo magabatanka ran Jumma'a. Ke kuma taho nan, laihina na da ban taɓa zama nib ba ki labarinta ba."

Ya ɗora mata hoton a tafin hannu. Ta riƙe shi da hannu biyu tana kuka tana dariya, karon farko a rayuwarta ta ce "Inna" tana kallon wadda take kira.

'Yan mata, a kula: mai sonki na gaskiya shi ne wanda zai rufa miki asiri ranar da kika yi kuskure, ya yi haƙuri da iyayenki ko sun kore shi. Ke kuma kada ki bar shi ya daɗe da kayan da ke kika ɗaura.