Muryar Gwaji

Yaro ba ya sayen tikiti. Ubansa ke saya, shi kuwa uba ba zanen yake dubawa a jikin fosta ba, sunan da ya sani yake nema. Mai Katun ya gane haka bayan fina-finan zane da yake yi wa yara sun gaji da nishaɗantar da kujeru. Taurarin da yake so su yi masa murya kuwa, ko wayarsa ba sa ɗagawa.

A sana'arsu, kafin a zana bakin dabba sai an ɗauki muryar gwaji, don masu zane su bi motsin leɓe. Daga baya a goge, a ɗora ta gaske. Shi mutanen gidansa yake sawa, tunda su godiya ta ishe su. Ƙaninsa ne kura, mahaifiyarsa kunkuru, 'yarsa Auta zomo. Zaki kuwa, ba sai na faɗa ba.

Sai ya nemi bokan da zai jawo masa taurarin. Bokan da ya je wurinsa yana bayan wani shagon faci. Ɗaki ne ba taga, an rufe bangon da baƙin ƙyalle, an shanya harsunan tsuntsaye a zare. A tsakiya ga tukunya an ɗaure bakinta da fata, fatar tana motsi kamar maƙogwaro.

Mai Katun ya ƙi cire takalmi. Ya ce shi ya yi jami'a, ba ya yanka, ba ya binne komai.

"Wa ya tambaye ka jini, ɗan boko?" in ji boka. "Duk muryar da ka goge, tukunya ce da ita, har ta cika."

"Abin da muke zubarwa kullum? Kwashe."

Taurari suka fara layi a ƙofarsa. Babban ɗan barkwanci ya karɓi kura, shahararriyar mawaƙiya ta karɓi kunkuru. Iyaye suka cika silima, suna nuna wa 'ya'yansu sunayen da yaran ba su taɓa ji ba.

Ranar da aka goge kura, ƙanin ya yi shiru a tsakiyar dariya. Bai kai mako ba ya rasu. Mahaifiyar kuwa, da aka goge kunkuru, ta koma gaban talabijin, tsirara, bakinta na bin na kunkuru daidai, ba sauti, har ta cika a wurin. Mai Katun ya ce ciwon gado ne.

Matarsa ba ta yarda ba. Ta bi sawunsa har shagon faci, boka ya gaya mata saura murya ɗaya. A makon kuma jarumar da za ta karɓi zomo a kashi na biyu na fim ɗin za ta iso.

Ta same shi a ɗakin tace sauti, ta ce ba mai taɓa muryar 'yarta. Ya ce wane uba ne zai biya don ya ji wata Auta?

"Baban Auta, ai na ga zaki kaɗai ka hana taurari."

"Ba wanda ya kai ni."

Shekaru ta yi tana kawo masa abinci ɗakin nan, ta san maɓallin. Ta danna, ta goge muryarsa ta zaki. Ya buɗe baki zai daka mata tsawa, bakin yana nan buɗe har yau.

Tukunya ta cika, taurari suka watse, aka sayar da na'urori. Yana yawo a bakin silima yana yi wa yara gurnanin da ba a ji. Auta tana waƙa a makaranta.

Kai mai kwaɗayin suna, kafin ka ce wa boka kwashe, dubi abin da kake kira shara. Mutanen gidanka ne.