Baƙar Motar Don Leoncio

Ranar Litinin ta bikin Karnabal, shekarar 1991, rabin garin Oruro yana kwance da ciwon kai, ɗaya rabin bai ma daina rawa ba. Insfekta Ticona na zaune a ofis yana kurɓar shayin ganyen koka, yana fatan kada Allah Ya kawo kowa, sai ga Doña Elvira Zabala ta faɗo riƙe da kwalar rigar ɗanta kamar ta kamo ɓarawon kaza. Ɗan kuwa ƙato ne, har da gemu.

"Ku rufe shi," in ji ta. "Ya sace motar."

Ba ta ce wace mota ba, ba kuma wanda ya tambaya. A garin nan in ka ce "motar", ɗaya ce tak.

Don Leoncio Zabala, mahaifinta, mai ramukan kuza, shi ya sa aka ƙera ta a Italiya bayan yaƙin duniya. Injin daga wani kamfani, jikin kuwa maƙera ne suka buga shi da guduma a kan katako, daidai yadda ya ce. Baƙa wuluk, doguwa kamar ba za ta ƙare ba, sitiyari a dama. Ba ta da ƙanwa ba ta da yaya a duk duniya. Da juyin juya halin 1952 ya zo aka ƙwace ramukan, Don Leoncio ya tsere ya bar matarsa da 'yarsa 'yar shekara bakwai. Direbansa Sabino ne ya kai shi iyakar Chile, ya dawo da motar, ya gina bango a bakin gareji don kada a ƙone ta. Sai da ta shekara goma sha a toshe kafin a rushe bangon.

"Mama, na rantse ban..."

"Rufe min baki, Ramiro! Jinin kakanka ne, masu ɗauka su gudu. Insfekta, Laraba wani Bature da zai saye ta zai zo ya tafi da ita, in huta da ganin ƙofar garejin nan. In ta tabbata yaron nan ne, daga yau ba ni da ɗa."

Ba wasa take ba. Duk wanda ya san Doña Elvira ya san ba ta mayar da magana.

Da ta fita, Insfekta ya jawo kujera ya zauna gaban Ramiro.

"Ina kake ranar Asabar?"

"Ina cikin masu rawa, yallaɓai. Tun safe har yamma."

"Saje Apaza ya ce ya gan ka da azahar a bayan kasuwa, kana barci a kan buhun dankali, kahon rigar rawarka ɗaya ya karye."

Ramiro ya sunkuyar da kai. "To, na sha. Amma kada Mama ta ji. Yallaɓai, ni ko an ba ni motar nan kyauta ban iya tada ta. Tana da wasu 'yan maɓallai da sai an bi su bi da bi. Baba Sabino kaɗai take ji wa magana."

"Kai ka kawo Baturen?"

"Ni ne. Ya zagaya ta da awo, ciki da waje, ya ce abin mamaki, wajenta ya fi cikinta tsawo. Wai tsakanin kujerar baya da but akwai wurin da ya ɓace masa. Ya yi dariya ya ce ba komai, in ya kai ta gida sai ya kwance ta ƙusa ƙusa."

"Wa ke wurin da ya faɗi haka?"

"Ni da Baba Sabino. Har kofin shayi ya suɓuce wa Baba."

Insfekta ya sa aka ba Ramiro ruwa, amma bai sake shi ba.

Gidan Zabala tsohon gida ne, fentinsa duk ya ɓare. A falo akwai wani babban hoto da aka juya fuskarsa ga bango. Insfekta ya ɗaga gefensa ya leƙa: mutum mai gashin baki, da tabarau 'yan kewaye.

"Ajiye shi yadda ka same shi," in ji Doña Elvira daga bayansa. "Uwata ta mutu tana jiran mutumin nan. Da wata mace ya tafi. Ko gaisuwa bai taɓa aikowa ba."

"Wa ya ga macen?"

"Baba Sabino. Ya daɗe yana ɓoye mana don tausayi, sai da uwata ta matsa masa."

Aka kira tsohon. Ya haura saba'in, siriri, ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji. Idanunsa sun yi ja.

"Baba, ina kake ranar Asabar?"

"Ina coci, ɗana, a gaban Budurwa Maryamu. Da na dawo na tarar da gareji a buɗe. Wayyo ni, da ma ni aka ɗauka aka bar ta."

"Kada ka wahalar da shi," Doña Elvira ta katse. "Mutumin nan shi ya goya ni, shi ya kai ni makaranta, shi ya riƙe hannuna ranar aurena. Uban da na sani ke nan."

Insfekta ya miƙa wa tsohon hannu don ban haƙuri. Da ya riƙe, sai ya ji tafin duk bororo ne, wasu sun fashe, sababbi.

"Addu'ar ta yi zafi, Baba."

"Fure nake shukawa, ɗana."

Garejin fayau. Kwaɗon bai karye ba. A ƙasa akwai zaren ulu ja da kore, irin na mayafin saƙa. Saje Apaza, wanda ke biye da Insfekta yana hamma, ya tsinci ɗaya ya yi tsaki.

"Wannan ai a ko'ina ake samunsa a makon nan, yallaɓai."

Insfekta kuwa yana duba kantar da ke bango: gwangwanayen mai, tsummoki a ninke, sifanu a jere kamar cokulan amarya. Can a ƙurya akwai gwangwanin biskit. Ya buɗe, sai ya tsaya cak.

"Apaza. Zo ka gani."

Ƙananan fuskokin farar ƙasa ne, cike da gwangwanin, wasu sun koɗe don tsufa. Ba yaron da bai san su ba a nan: su ake manna wa burodin mamata, wanda muke gasawa da siffar mutum a farkon Nuwamba, mu ɗora a tebur da abincin da mamacin yake so, ran da rayuka ke zuwa ziyara. Washegari a raba wa masu addu'a, burodi da fuska duka, a faɗa musu sunan wanda za su yi wa.

"Wa ke tara waɗannan?" in ji Saje. "Ai bayarwa ake yi."

"Sai wanda ba ya iya faɗin sunan. Duba da kyau."

Kowace fuska tana da gashin baki. Kowace kuma an zana mata tabarau 'yan kewaye da tawada, da hannu, sak irin na Don Leoncio a hoton falo.

Saje ya yi alamar gicciye a ƙirji, hammar ta gudu. "Kai! Yallaɓai, ai mai rai ba a gasa masa burodi."

"Shi ya sa. Je ka tambayi 'yan sandan hanya da suka yi aikin Asabar. Ba baƙar mota za ka tambaya ba. Tambaye su motocin ado."

A Karnabal ɗinmu, gaban kowace ƙungiyar rawa akwai motocin da ake lulluɓewa da mayafan saƙa tun daga hanci har wutsiya, a lilliƙa musu farantan azurfa da cokula, ba abin da ake gani sai tagar direba. Ka ɓoye giwa a cikinsu ma ba mai ɗaga kai.

Da yamma Saje ya dawo yana haki.

"An gan ta! Wani kofur ya ce akwai wata doguwa da ta fita daga layi ta bi hanyar Vinto. Ya ɗauka ba kowa a ciki, har gabansa ya faɗi, ashe direban yana ɗaya gefen. Kuma Baba Sabino yana da wani kango da ya gada a can."

Washegari da hantsi Insfekta ya ɗauki Doña Elvira a motar ofis, don ita ce za ta shaida kayanta. Ya sa aka fito da Ramiro ya zauna a baya. Duk hanya uwar ba ta dube shi ba.

Kangon katangar laka ce da ƙofar kwano. Tun daga waje suna jin ƙarar diga a kan busasshiyar ƙasa. Saje ya tura ƙofar.

Ga motar nan, rabinta a lulluɓe, rabinta na ƙyalli a rana. Kusa da ita Baba Sabino na tsaye a cikin rami iya gwiwa, hannuwansa ɗaure da tsumma. Ramin dogo ne, siriri. Ba mai shuka fure a irinsa.

"Baba?" in ji Doña Elvira. "Baba, me kake yi a nan?"

Tsohon ya saki digar. Insfekta ya buɗe gwangwanin biskit ya nuna masa.

"Na wa ne?"

"Na yayana ne, Eusebio. Ya rasu a ramin kuza."

"Mahaƙin kuza da tabarau?"

Tsohon ya kau da kai.

"Kai ka zana su, Baba. Me ya sa?"

"In bai ga kamarsa ba, ta yaya zai gane burodinsa? Sai ya koma da yunwa."

"Wa?" Doña Elvira ta duba wannan, ta duba wancan. "Wa zai koma da yunwa?"

"Buɗe mana, Baba," in ji Insfekta a hankali.

Sabino ya fito daga ramin da ƙyar. Ya buɗe ƙofar baya, ya sa hannu ƙarƙashin abin ɗora hannu, ya murɗa wani abu. Jingin kujerar ya kwanto gaba gaba ɗaya. Ma'aji ne da Don Leoncio ya sa maƙeran suka yi masa don ɗaukar azurfa da bindigogi, shi da direbansa kaɗai suka san da shi.

Iskar tudunmu ba ta ruɓar da abu, busar da shi take yi. Mutum ne kwance a naɗe, cikin kwat ruwan toka, fatarsa ta zama kamar tsohuwar jaka. Gashin bakin na nan. Tabarau na nan, ido ɗaya a fashe.

Ramiro ya ja da baya ya zube a ƙasa. Saje Apaza, da ya shekara ashirin yana ɗaukar gawa, ya cire hula. Doña Elvira ba ta yi ihu ba. Ta ƙura wa tabarau ɗin ido.

"Ni ne," in ji Sabino. Ba wanda ya tambaye shi. "Yayana Eusebio yana cikin waɗanda aka harbe a bakin rami lokacin yajin aiki. Maigida ne ya kira sojojin, ina tsaye ina jin sa a waya. Na haɗiye, na ci gaba da buɗe masa ƙofa. Ranar gudun muna hanya mu biyu, ba kowa. Ya sa na tsaya, ya fito. Ƙarfen kwance taya na hannuna. Sau ɗaya ne."

"Me ya hana ka jefar da shi a daji?"

"Motocin mahaƙa na tahowa. Na sa shi a nan, na ce gobe. Da na rushe bangon na sake cewa gobe. Na buɗe sau ɗaya, na ga fuskarsa ba ta canza ba, ban ƙara ba. Sai na riƙa ciyar da shi duk shekara, burodi da kofin giyar singani a kujerar baya. Yanzu Bature zai kwance ta ƙusa ƙusa."

"Macen fa?" Muryar Doña Elvira ce, ta fito kamar ta yarinya. "Ka ce da mace ya tafi."

"Babu mace, uwar ɗakina. Don kada ku neme shi ne."

"Me ya sa ya ce ka tsaya?"

Tsohon ya dubi ramin.

"Baba Sabino, ka goya ni. Me ya sa ya ce ka tsaya?"

"Ya ce in juya." Hawaye na bin kumatunsa. "Ya ce, 'Sabino, juya motar. Ba zan iya ƙetarawa ba tare da Elvirita ba.' Ya fito ne ya duba min gefen hanya kada taya ta faɗa kwari."



Doña Elvira ta dafa ƙofar motar. "Kullum kafin in kwanta sai na tsine masa," ta ce. "Kullum. Ashe yana bayan bangon ɗakina yana ji."

Saje ya ciro ankwa, ya dubi hannuwan da ke ɗaure da tsumma, ya dubi Insfekta. Insfekta ya girgiza kai. Saje ya mayar da ita aljihu, ya riƙe tsohon a gwiwar hannu. A bakin ƙofa Sabino ya waiwayo.

"Uwar ɗakina, in Nuwamba ta zo, ba ya son burodi mai sukari da yawa."

Ba ta juyo ba. Aka fita da shi.

Ramiro na zaune a ƙasa har yanzu, ƙura ta ɓata masa wando. Uwar ta daɗe tana kallon cikin motar, sannan ta miƙa hannu baya ba tare da ta waiwaya ba.

"Tashi, ɗana," ta ce. "Zo ka gaida kakanka."